Inda Mai Sarewa Yake Tsayawa

A shagon wankin, kowa Kunne Ɗaya yake ce mata, domin shekara uku ke nan ba wanda ya taɓa ganinta ba abin sauraro maƙale a kunnen hagu. Na daman ta bar wa Madam mai shagon, ta nan ake zuba mata umarni da faɗa. A gida kuwa Auta ce, ko da yake ta ba arba'in baya, kuma masu kiranta da wannan suna sun ƙare saura mutum ɗaya, yayanta, wanda ke bugo waya duk Asabar ya ce, "Auta, lafiya dai ko? Kin ci abinci? To madalla, ga Antinki tana gaishe ki." Minti biyu ne cif, sai fa idan yaransa sun yi wata ɓarnar da ta isa labari, sai ya kai uku.

Guga ce aikinta. Ɗakin baya nata ne ita kaɗai, da teburi mai shimfiɗar bargo, da dutsen guga mai tururi wanda ke tsartar da ruwa a kan farar riga duk ranar da ya ga dama, da sandar rataye kaya, sai wata 'yar taga can sama da ba abin da ake hangowa ta cikinta sai ƙafafun tankin ruwan maƙwabta. Ta hagu injinan wanki biyu ne suke gurnani tun safe. Ta dama katako ne ya raba su da shagon wani tsoho mai gyaran agogo, katakon ma bai kai rufi ba, ya bar fili kamar taƙi guda. Tsakaninta da tsohon gaisuwar safe ce kawai, idan sun haɗu a bakin ƙofa. Shi yana da rediyonsa mai shaƙaƙƙiyar murya, ita tana da wayarta, kowa da abin da ya dame shi.

Masu kawo wanki sun ɗauka irin waƙoƙin da kowa ke ji take ji. Ina. Mutum ɗaya take saurare, kundinsa ɗaya, busa goma sha ɗaya a ciki. 'Yar yayanta ce ta saka mata manhajar sauraron waƙa a waya bayan rasuwar Inna, wai don ta rage zaman tagumi, ta zaɓa mata abubuwa masu kiɗa da tsalle ta tafi abinta. Wata rana manhajar ta yi gaban kanta, ta jefo mata wani abu da ba ta nema ba. Sarewa ce mai kaurin murya, ta yi busa ɗaya doguwa, ta yi ta biyu, ta yi ta uku, sai tsit. Auta ta ja tsaki, ta ce data ta ƙare ke nan. Ta ajiye dutsen guga ta duba, sai ta ga lokaci yana tafiya, ba abin da ya tsaya. Ta mayar da abin kunnenta ta kasa kunne. Can ta ji mutum yana jan numfashi a hankali ta hanci, ta ji murfin buta yana rawa a kan wuta, ta ji kujera ta ɗan yi ƙara. Sannan sarewar ta dawo.

Ranar sai da ta ƙona wuyan rigar wani ma'aikacin banki, Madam ta wanke ta tas, amma ko a jikinta.

Sunan mutumin ya fi ƙarfin bakinta, don haka ta raɗa masa Mai Sarewa. Ko hotonsa babu, sai hoton taga da buta a gindinta. A ƙasan hoton akwai 'yan layuka da wayar ta fassara mata, fassara mai ɗingishi amma ana ganewa. Sarewar irin ta ƙasar Japan ce, amma shi ba ɗan ƙasar ba ne, neman abinci ya kai shi can, ya yi shekara takwas yana naɗe kwalaye a wata masana'anta. Wani tsoho mai sassaƙa sarewar gora a unguwarsu ne ya koya masa, shekarar farko sauti ɗaya tak ya bar shi ya busa, kuma ya ce masa wurin da ake tsayawa shi ma cikin busar yake, duk wanda ya gaggauta shi ya yi sata. Da ya koma ƙasarsu sai ya naɗi kundin a kicin ɗinsa, ba kamfani, ba ubangida, ya ɗora shi ta hannun wasu 'yan ƙananan masu rarraba waƙa. Ƙarƙashin sunansa manhajar na nuna yawan masu saurarensa a wata. Bakwai. Wani watan tara, sau ɗaya ya sauka huɗu har Auta ta kwana da damuwa kamar an ce mata wani nata ba shi da lafiya. Amma yawanci bakwai ne, a duk faɗin duniyar nan, kuma ita ce ɗaya.

Ba sarewar ce ta kama ta ba, gaskiya, ko da yake tana son ta. Shekara shida ta yi tana jinyar Inna bayan ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. Ta dawo daga aiki, ta yi mata wanka, ta ba ta abinci, sannan su zauna, Inna a kujerarta mai hannu, ita a tabarma tana jingine da ƙafar kujerar. Ba mai cewa komai. Amma akwai numfashin Inna a bayan wuyanta, mai ɗan kurman sauti a ƙarshe, kuma da shi ta san ba ita kaɗai ba ce. Da Inna ta tafi, ɗakin bai ƙara shiru ba, tunda dama shirun ne. Sai dai yanzu ba kowa a cikinsa, kuma wannan ne ya kusa zautar da ita. Shirun Mai Sarewa da mutum a ciki. Abin da take saya da datarta ke nan, ba ta taɓa gaya wa kowa ba, don ta san dariya za a yi mata.

Da rana tsaka, idan Madam ta tafi ɗauko 'ya'yanta daga makaranta, akan kashe injina na minti arba'in. Nan Auta ke cire abin kunne, ta jefa wayar cikin kofin silba don sautin ya ƙaru, ta kunna busa ɗaya ko biyu a fili tana cin abin da ta zo da shi. Yau ta farko, gobe ta biyu, har ta zagayo. A daidai lokacin rediyon tsohon ma yakan mutu, ta ɗauka ƙailula yake yi, har takan rage sauti don kada ta tashe shi.

Farkon watan nan ne saƙo ya bayyana a saman kundin. Masu rarraba masa waƙa za su rufe, daga ɗaya ga wata mai zuwa kundin zai sauka daga manhajar. Mai Sarewa ya ƙara layi ɗaya nasa: ya tsufa, ba zai iya sake bin wannan hanyar ba, ya gode wa waɗanda suka zauna da shi. Gabanta ya faɗi. Amma ta tuna akwai wata 'yar kibiya mai kallon ƙasa da 'yar yayanta ta nuna mata, wadda in ka danna sai waƙa ta sauka cikin waya. Ta danna sau goma sha ɗaya, kowace ta yi kore, ta gwada kashe data ta ji suna yi. Hankalinta ya kwanta, ta ce su rufe ɗin mana, ita dai ta kwashe nata.

Ran ashirin da tara ga wata bakin cajar wayar ya fara wasa, sai an karkata shi an ɗora masa takalmi kafin ya kama. Da aka tashi aiki ta biya wurin Injiniya, wanda ke da teburi a ƙarƙashin matakalar wani bene a bakin titi. Mutum ne mai wayoyi uku da baki ɗaya da ya fi su aiki. Yana gyaran waya, yana zuba wa mutane waƙoƙi da finafinai a memori, kuma bai taɓa jin wata matsala a duniya da ba shi da maganinta ba. Yana tsokalo ƙura daga bakin cajar da allura ya ga kundin a buɗe.

"Anti, wannan kuma wane ne? Masu sauraro bakwai? Ai ni in na yi tari a nan mutum goma za su ji."

Ta ce, "Wani ne mai busa. A Japan ya koya."

"Japan? Ai ni ne gidan waƙoƙin Japan. Yaran nan 'yan makaranta kullum suna nan, a zuba musu waƙoƙin katun, har sun iya rerawa ba su san me suke cewa ba. Gudu kamar ana korar su. Har mawaƙanmu sun fara sata suna sakawa a kiɗa." Ya ja allon sama, ya karanta saƙon. "Af, ashe jibi za a sauke shi."

"Na riga na sauke nawa. Ga su nan duk kore."

Injiniya ya ajiye allurar ya dube ta, irin kallon da likita ke yi wa wanda ya ce ya sha maganin a waje ɗaya don ya huta.

"Anti, wannan koren ba naki ba ne fa. Aro suka ba ki. A cikin manhajarsu yake, a kulle, makullin na hannunsu. Ranar da suka ɗauke na can, na nan ma zai bi shi."

Ta ce, "Amma a wayata yake."

"A wayarki yake, amma ba naki ba ne."

Shekara uku tana biya duk wata ba fashi, ashe ko busa ɗaya ba ta mallaka ba. Ta tambaye shi ko akwai dabara. Ya ce dabara ai ita ce sana'arsa. Zai jona wayar da kwamfuta, ya kunna kundin daga farko har ƙarshe, kwamfutar tana naɗa, sannan ya zuba mata a memori wanda ba mai iya ƙwace mata. Awa ɗaya da minti ashirin da huɗu ne, yau ya riga ya haɗa kaya, ta kawo gobe da safe ta karɓa da yamma.

Ta ce, "To amma ka ga, yana tsayawa a ciki. Akwai wuraren da..."

Wata mata ta turo kai da waya mai fasasshen gilashi tana kiran Injiniya, Injiniya. Ya miƙa hannu ya karɓa, ya ce wa Auta ba tare da ya juyo ba, "Na gane, Anti, na gane. Bar min kawai."

Da ta tsaya ta ƙarasa maganar, da duk abin da ya biyo baya bai faru ba. Amma Auta mace ce da ta saba a katse ta, kuma ta saba in an katse ta ta haɗiye sauran.

Washegari ta yi aiki da kunne biyu a buɗe, abin da rabonta da shi tun Inna na da rai. Madam ta leƙo ta ce, "Yau kuma Kunne Ɗaya ta zama Kunne Biyu? Allah ya sa faɗana ya shiga ta ko'ina." Auta ta yi murmushin da ake yi wa mai biyan albashi. Yinin ya ƙi tafiya. Ta goge riguna talatin da wani abu, da labule huɗu, da wata rigar amarya mai duwatsu da sai an bi ta baya-baya. Da rana tsaka aka kashe injina, ta zauna da abincinta da kofin silba wayam a gefe. Rediyon tsohon ya mutu kamar kullum. Bayan kamar minti goma sai ya sake tashi, ta ce a ranta yau barci ya ƙi Baba.

Da yamma Injiniya ya tarbe ta da fara'a har kunne. Ya riga ya saka memorin a wayar. "Aiki na musamman na yi miki, Anti, kuma ban ƙara ko sisi ba. In kin ji sai kin dawo kin sa min albarka." Ta yi godiya, ta yi ta godiya har ya ji kunya.

To ga inda ita ma ta yi nata kuskuren. Da ta isa gida, rana ba ta faɗi ba, kundin yana nan a manhaja, akwai sauran lokaci. Da ta buɗe memorin ta ɗan saurara ko minti ɗaya, da ta juya da gudu. Amma ta ce memori ai nata ne har abada, gobe ma rana ce, yau ranar sallama ce da na ainihin. Ta zauna a tabarma ta jingina da ƙafar kujerar Inna, ta kunna daga manhajar, ta saurare shi kaf daga farko har ƙarshe, taga na yin ja har ta yi duhu. Masu sauraro bakwai. Ta yi tunanin sauran shidan, ko su ma suna zaune haka a ɗakunansu, ko akwai mai guga a cikinsu. A wurin da ake barin saƙo, inda ba ta taɓa rubuta komai ba, ta rubuta da harshenta, "Na gode, Allah ya saka." Ta san da wuya ya gane, ta tura duk da haka.

Da safe sunayen busa goma sha ɗayan sun koma toka-toka, in ta taɓa ba sa motsi. Injiniya ya yi gaskiya. Ta ɗora ruwan shayi, ta buɗe memorin tana jin kanta mai wayo, ta danna ta farko.

Busa ta ɗaya. Ta biyu. Ta uku. Ta riga ta riƙe numfashinta tana jira, sai ta huɗu ta faɗo a kan ta uku ba ko sallama, ta biyar ta bi ta, kamar mutane suna turereniya a ƙofar mota. Ta tsayar, ta koma farko. Haka. Ta buɗe ta biyu a jerin kundin, ta buɗe ta bakwai wadda a cikinta ne ake jin wata ƙofa ta buɗe a nesa har wani ya ce wani abu ƙasa-ƙasa. Babu ƙofa, babu buta, babu kujera, babu numfashi. Sarewar ta fito fes, sumul, kamar rigar da aka yi wa sitaci. Ta duba tsawon kundin ta ga minti hamsin da ɗaya. Ruwan shayin ya tafasa ya ƙone a kan wuta tana tsaye.

Injiniya yana cikin jera kayansa ta iso. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta iya ba ma. Ta ce, "Ina wuraren da yake tsayawa?"

Ya washe baki. "Kin gani ko? Duk na cire miki. Ai da kika ce yana tsayawa na gane matsalar. Minti talatin da uku na banza, Anti, data kawai suke cin miki. Ga wani shuu a ƙasa, da ƙarar kwanuka, mutumin ko ɗakin naɗa bai shiga ba. Na wanke shi tas. Sai da na ɓata awa biyu."

"Na farkon fa? Wanda ka naɗa kafin ka taɓa?"

Fara'ar ta fara sauka daga fuskarsa. "Na goge. Kwamfutar ta cika, wani ya kawo bikin..." Ya dube ta da kyau, ya ga idonta. "Anti, wai shirun kike so?"

Ta gyaɗa kai.

Allah ya sani ba mugu ba ne. Ya ture wayoyin mutane gefe, ya duba kwandon sharar kwamfutar, ya riga ya zubar. Ya shiga intanet ya buga sunan Mai Sarewa ta kowace fuska, ba komai sai shafin nan mai toka-toka da hoton taga. Gumi ya keto masa. Can ya ce, "To ai shiru ba wuya, sai in mayar miki. Ko na minti nawa kike so." Ya buɗe busa ta farko, ya raba ta bayan sauti na uku, ya cusa fili a tsakani, ya miƙa mata abin kunne.

Ta saurara. Sarewar ta tsaya, sai wani irin shiru ɗif, kamar an toshe mata kunne da auduga.

Ta cire ta miƙa masa. "Wannan ba kowa a ciki."

Bai gane ba, amma bai yi musu ba. Ya ce ta yi haƙuri, ya sake cewa ta yi haƙuri, ya zaro kuɗinta zai mayar mata, ta ce ya bar shi. Ko da za a mayar da filin ma, ba ta san tsawon kowanne ba. Jikinta ya sani, amma ba ta taɓa ƙirgawa ba, wa ke ƙirga numfashin wanda yake zaune da shi?

Ta makara da minti arba'in, Madam ta yi ta faɗa. Ta kama guga ba komai a kunnenta. Baƙin ciki ne ya cika ta, da haushin kanta wanda ya fi na Injiniya yawa. Sau biyu ke nan ana ɗauke mata numfashin mutum daga ɗaki, kuma wannan karon da hannunta ta miƙa.

Da rana tsaka injina suka mutu. Ta buɗe abincinta ta rufe. Don dai kada ta zauna haka, ta jefa wayar cikin kofin silba ta kunna busa ta farko daga memorin. Sarewar ta kama gudunta.

Ba a yi minti ɗaya ba aka ƙwanƙwasa katako.

"'Yata."

Ta zabura ta tsayar. "Na'am, Baba. Na tashe ka ko? Yi haƙuri, bari in rage."

"Wane barci? Ni dai tambaya zan yi. Yau wa ke bin mutumin nan? Jiya bai zo ba sam, yau kuma ya zo a guje."

Ta tsaya tana kallon katakon, da ƙusoshinsa da tabon tururi. Ta ce, "Baba, dama kana ji?"

"To me kike tsammani nake kashe wa rediyo? Shekara uku ke nan. Har in kin rage sauti sai in matso da kujera."

Ta ba shi labari ta saman katakon, a gajarce. Ya saurara bai katse ta ba ko sau ɗaya, abin da ya sa ta faɗi har da wanda ba ta yi niyya ba, har da Inna da kujerarta. Da ta gama ya ce Allah ya ji ƙanta. Ta ji yana jan aljihun tebur, yana motsa tarkace.

"A wannan da kika kunna, bayan busa ta uku, sakan goma sha ɗaya yake yi," in ji shi. "Bayan ta biyar, bakwai. Sai wata doguwa kusa da ƙarshe, ashirin da biyu, wadda butar ke tafasa a ciki."

"Ka ƙirga?"

"Mai agogo ne ni, 'yata. Ba na iya jin abu ya tsaya ban duba hannun sakan ba, ciwo ne. Da shi nake gwada agogon da na gyara ma. In mutumin ya dawo agogo bai kai sha ɗaya ba, to agogon ne ke ƙarya."

Wani ɗan littafin rasit ya leƙo ta saman katakon. Ta taka kujera ta karɓa. A bayan takardun, da fensir, an jera lambobi layi-layi, shafi goma sha ɗaya. Bai san sunayensu ba, sai ya ba su nasa: Mai Buta, Mai Ƙofa, Wadda Take Sa 'Yar Wanki Tsayar da Cokali. Rubutun farko ƙanana ne a tsare, na baya-bayan nan manya ne sun karkace suna hawa kan juna.

"Riƙe shi," ya ce. "Ni na gama da shi. Ido ya tafi, yanzu sai na laluba nake samun sukurun agogo. Ƙarshen watan nan 'yata za ta zo ta kwashe ni, wai in je in zauna in huta. Wani mai sayar da takalma zai karɓi shagon."

Ta sauko daga kujerar a hankali. Shekara uku mutum na zaune taku biyu daga teburinta yana sauraro tare da ita, tana ƙirga mutum shida a ƙasashen da ba ta sani ba, sai yau da ya rage masa kwana talatin ta sani. Ta ce, "Allah ya kai mu, Baba."

"Amin. To kunna mana, lokaci na tafiya, yanzu uwar ɗakinki za ta dawo. In ya yi ta uku ki tsayar. Ni zan duba agogo, in ya cika in ƙwanƙwasa, sai ki sake shi."

Ta zauna, ta jawo kofin, ta matsa da kujerarta har kafaɗarta ta taɓa katakon. Ta danna. Busa ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Ta tsayar.

Babu buta, babu kujerar kicin, waɗannan sun tafi ke nan. Sai agogunan shagon tsohon suna tafiya, kowanne da takunsa, da dutsen guga yana huce tururi, da wata mota can a titi. A ƙarƙashinsu, dab da kunnenta na hagu, ta ji tsohon yana numfashi, a hankali, da ɗan shaƙewa a ƙarshe. Ta rufe ido. Ta ƙirga a ranta ba da niyya ba, takwas, tara, goma, sha ɗaya.

Bai ƙwanƙwasa ba. Sha biyar ta wuce, ashirin ta wuce, mutumin da bai taɓa yarda agogo ya yi masa ƙaryar sakan ɗaya ba yana zaune bai motsa ba. Yatsanta na kan wayar, ita ma ba ta danna ba.